Zumunta a Ƙafa Take, To In Ƙafar Ta Gaza Fa?

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ba kuma rikicin amarya da uwar miji ba, ko da yake uwar mijin tana cikin zancen, domin maganar tsofaffinmu zan yi, da yadda suke fita daga gida, ko kuma in ce yadda suka daina fita.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa zai shaida abu guda: tsohuwa a cikin labari kullum a zaune take. Ko dai Hajiya Kaka tana kan darduma da carbi a hannu, ko Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, a zo a durƙusa a gaishe ta, ta sa albarka ko ta yi faɗa, a tashi a bar ta a nan. Jaruma ta je makaranta, ta je gidan kitso, ta je Dubai sayen kayan lefe, Alhaji ya yi Abuja ya yi Legas, amma Kaka tana nan inda aka ajiye ta tun shafi na goma har littafi na uku ya ƙare. Marubuta ba ƙarya suka yi ba, abin da ido yake gani a gidajenmu ke nan. Abin tambaya shi ne, zaman nan nata so take yi, ko dole ce ta zaunar da ita? Ni dai a nawa ɗan nazarin, da yawa daga cikinsu ba tsufa ne ya kulle su a ɗaka ba, rashin abin hawan da jikinsu zai iya ne, da kuma rashin kuɗin hawansa.

Mai karatu, bari mu bi dattijuwa guda mu ga tafiyarta. A ce shekararta 70, tana zaune can cikin lungunan Dala ko Gwale, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, likita ya ce ta riƙa zuwa duk wata a duba ta a ba ta magani. Tun daga ƙofar gida wahala ta fara, don lungunsu ko adaidaita sahu ba ya shiga, sai ta dogara sanda ta tsallake kwata biyu ko uku kafin ta fito bakin titi. A bakin titi babu benci, babu rumfa, tsayuwa za ta yi. In bas ce ta zo, ƙofarta tana da tudu, sai an ɗaga ƙafa an kama ƙarfe an sunkuya a lokaci guda, ga kwandasta yana bubbuga jikin mota yana cewa "Hajiya yi sauri mana," don shi ma direba yana masa tsawa, direban kuma balas yake tunani. In adaidaita ne, mutum uku ake cusawa a baya, wanda ke gefe rabin jikinsa a waje yake, kuma a tsakiyar hanya sai an ce ta sauko na ciki ya fita ta sake hawa. Mai lafiyar gwiwa ba ya ganin wannan a bakin komai. Ita kuwa kowace sauka da hawa sai ta ambaci sunan Allah. In aka sauke ta a ɗaya gefen titi, ga shinge a tsakiya, ga gadar masu ƙafa can gaba mai matakala sama da yadda za ta iya ƙirgawa. Mafita guda ita ce shata, a ɗauke ta ita kaɗai da jikarta har ƙofar asibiti, a kuma dawo da su. To kuɗin shata zuwa da dawowa, in ka haɗa da na magani, ya ishi gidan cefanen kwana biyu ko fiye.

Sai ta yi abin da iyayenmu suka fi ƙwarewa a kai, wato kawaici. Ta ce ai ta ji sauƙi, wannan watan a bar shi. Wata mai zuwa ma ta ce a bar shi. Ina da goggo da ta yi haka har wata huɗu, kullum aka tambaye ta sai ta ce jiki Alhamdu lillahi, ashe lissafin kuɗin mota take yi wa ɗanta mai ɗinki a kasuwa, ba ta son ta ɗora masa. Ranar da ɓarin jikinta ya shanye, abin da aka kashe a mako guda ya fi kuɗin shatar shekara. Tana nan da ranta, amma yanzu da gaske take zaune, irin zaman Hajiya Kaka ta cikin littafi.

Kuma ba asibiti ne kaɗai ba. Ɗan fansho da ake kira tantancewa, dattijon da ya saba sallar Juma'a a masallacin da ya taso a ciki, tsohuwar da ƙanwarta ta rasu a Rijiyar Lemo tana son zuwa gaisuwa, mai 'yar sana'ar daddawa da kuka da take son sarin kaya a kasuwar Rimi. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. To wanda ƙafarsa ta gaza, a hankali sai zumuntar ta gaza, a daina ganinsa a suna da biki, a daina sa shi a shawara, har a fara mantawa da shi yana raye.

Mutanen Kano sun san yadda abin hawa ya sauya a idonmu. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan da ya bi abin hawan har yau. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, daga nan adaidaita ya zama shi ne sarkin titi. Sai kuma ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake Naira 1,000. Matashi ya ga haka ya fara takawa da ƙafa daga Kurna zuwa Kwari yana ƙorafi. Tsoho ba shi da wannan zaɓin.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini. Zai ce ai mu Hausawa ba mu san wannan ba, a wurinmu ɗa ne yake ɗaukar nauyin iyayensa, maganar gwamnati ta biya wa tsofaffi kuɗin mota al'adar Turawa ce da suka watsar da nasu. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba na jayayya da cewa haƙƙin iyaye yana wuyan 'ya'ya. Amma don Allah mu dubi gidajen da gaske. Ɗan yana Legas ko Fatakwal yana neman abinci. 'Yar tana gidan miji da goyo, fitarta sai da izini. Wanda ke kusa leburanci yake yi, in ya raka uwarsa asibiti ranar ba a ɗora tukunya ba. Akwai kuma waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, da waɗanda suka binne 'ya'yansu da hannunsu. Ban da haka ma, ɗa komai biyayyarsa ba zai rage tsawon matakalar bas ba, ba zai kafa benci a bakin titi ba. Waɗannan aikin hukuma ne. Mun yarda gwamnati ta yi titi, ba mu taɓa cewa kowa ya shimfiɗa wa uwarsa kwalta ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani tsari da na karanta na ƙasar Amurka, wanda ya tsaya mini a rai, ba don komai nasu abin koyi ne ba, sai don yadda suka tsara kuɗin. Su ma fa suna da irin tamu matsalar ta wata fuska: ƙasa ce da kusan kowa da motarsa, garuruwa a warwatse, ranar da ido ya yi rauni tsoho ya ajiye tuƙi, ranar ya zama ɗan zaman gida. Tun shekarar 1975 gwamnatin tarayyarsu take ba da wani tallafi da ake kira Sashe na 5310, musamman domin zirga-zirgar tsofaffi da naƙasassu. Tallafi ne, ba rance ba. Tsoho a wurinsu shi ne mai shekara 65 zuwa sama. A dokar manyan ayyuka da suka yi a 2021 an ware wa wannan shiri kimanin Dala biliyan 2.2 na shekara biyar, daga 2022 zuwa 2026.

Ga inda abin ya burge ni. Ba wanda yake zuwa ya yi kamun ƙafa kafin a ba jiharsa. Ƙidaya ake dubawa, a ga yawan tsofaffi da naƙasassu a kowane yanki, a raba da lissafi: kashi 60 cikin 100 na manyan birane masu mutum sama da 200,000, kashi 20 na ƙananan birane, kashi 20 na karkara. Gwamna ko ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa ne ko ɗan adawa, rabon jiharsa yana nan. Daga nan jiha ko hukumar sufuri ta birni ta miƙa wa masu aikin, waɗanda da yawansu ƙananan ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba. In mota za a saya mai na'urar ɗaga keken guragu, galibi tarayya ta biya kashi 80, masu karɓa su nemo 20. In kuɗin gudanarwa ne, wato mai da albashin direba da makamantansu, tarayya ta biya har rabi. Wannan ɗan kason da aka ce su kawo shi ne ke sa su riƙe abin da daraja, don kowa ya san yadda ake yi wa kayan banza.

Da farko kuɗin na sayen motoci ne. Daga baya, musamman bayan gyaran doka na 2012, aka faɗaɗa shi: aƙalla kashi 55 ya tafi ga irin su sayen mota da kayan aiki, ragowar a iya kashe shi wajen gudanarwa da wasu dabaru. Cikin dabarun har da tallafa wa shirin direbobin sa-kai, mutanen gari da suke ɗaukar tsofaffi a motocinsu su kai su asibiti a mayar musu da kuɗin mai. Har da koya wa tsoho yadda zai shiga bas shi kaɗai, da gyara hanyar ƙafa daga gida zuwa tasha yadda keke zai gangara ba tare da cin karo da dakali ba. Ka ga sun gane cewa tafiya daga ƙofar ɗaki take farawa. Sharaɗin da ya fi kowanne kama hankalina kuwa shi ne, ba a ba da kuɗi ga aikin da ba ya cikin wani tsari da mutanen yankin suka zauna suka rubuta, kuma dole ne tsofaffin da naƙasassun su kasance a wurin zaman. Wato sai an tambayi mai gwiwar inda take masa ciwo.

Kada a ɗauka aljanna ce. Ƙaramar ƙungiya a ƙauyen da ba shi da arziki takan sha wuya kafin ta haɗa nata kashi 20, ga tarin takardu da rahotanni, kuma galibi sai tsoho ya buga waya tun jiya kafin a zo ɗaukarsa yau, wanda ke nufin tafiyar gaggawa ba ta shiga ciki. Amma shirin ya kai shekara 50 yana tafiya, gwamnatoci sun zo sun wuce, ba a wayi gari wani ya ce na wanda ya gada ne ya soke shi ba.

Akwai wata hanyar da ta fi farin jini a bakin 'yan siyasa, wato a ce tsoho ya hau kyauta. A Ingila tun watan Afrilun 2008 mai katin tsofaffi yana hawa bas ɗin gari kyauta a ko'ina cikin ƙasar, daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 11 na dare a ranakun aiki, da duk yini a ƙarshen mako, ƙananan hukumomi kuma su biya kamfanonin bas abin da suka rasa. Abu ne mai kyau, sai dai mutanen ƙauyukansu sun daɗe suna kukan cewa kati a aljihu ba ya amfani in an janye bas ɗin da ke bi ta garinku. Barazil kuwa a cikin tsarin mulkinta na 1988 ta rubuta cewa duk wanda ya haura shekara 65 zai hau motar haya ta birni kyauta, amma ba ta faɗi wanda zai biya ba. Abin da ya faru shi ne, a mafi yawan birane aka lafta kuɗin a kan sauran fasinjoji, talaka ma'aikaci ya riƙa biya wa tsoho ba tare da ya sani ba. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da biliyan 2.5 na kuɗinsu don ta cike giɓin, shi ma na shekara guda. A Indiya jirgin ƙasa ya daɗe yana yi wa tsofaffi rangwame, aka dakatar a watan Maris na 2020 da sunan korona, cutar ta lafa, shekaru suka wuce rangwamen bai dawo ba.

Ka ƙaddara a Kano gobe a yi shela a rediyo cewa duk mai furfura zai hau adaidaita kyauta, ba tare da an ce ga mai biya ba. Wallahi daga ranar duk ɗan adaidaitan da ya hango sanda a bakin titi sai ya ƙara wuta. Kuma ba zan ga laifinsa ba, yana da balas da zai kai wa mai babur da yamma, yana da iyali. An so a taimaki tsoho, an mayar da shi abin gudu.

Mu dawo gida. Ba doka muka rasa ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya ambaci kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta tanada, sai dai yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa. A watan Janairun 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta yi magana a kan gine-ginen hukuma da motocin haya, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara su yadda mai keke da makaho za su iya amfani da su. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Mai karatu, ka tsaya a kowace tasha ka duba da idonka, ni ba zan ce komai ba.

Kuɗi kuma ba a ce babu ba. A watan Agustan 2023 aka sanar da Naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗin cire tallafin mai, kashi 52 kyauta, 48 rance, aka karkata akalarsa ga shinkafa da masara da taki. Ba na raina abinci, mai yunwa ya san darajar mudu. Amma mu yi ɗan lissafin 'yan firamare: a ce shata zuwa da dawowa Naira 2,000 ce, biliyan ɗaya kacal za ta biya tafiya 500,000. Mudun shinkafa kwana biyu ne ya ƙare, maganin hawan jini na wata guda kuwa yana iya tsare mutum daga kwanciyar shekaru.

Abin da nake ganin ya dace da mu, kuma a nan na san zan saɓa da masu son bikin ƙaddamarwa, shi ne kada a fara da sayen manyan motoci. Mun sha gani: a jera sababbin bas an shafe su da fenti da hoton mai girma, a yi kiɗa a yi jawabi, bayan shekara biyu ka same su a bayan wata ma'aikata tayoyi a sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi, saboda an yi kasafin saye ba a yi na juye da taya da bakanike ba. Kwangila a saye take, shi ya sa. Ga shi kuma babbar mota ba ta san hanyar lungu ba. Abin hawan da ya riga ya san kowane saƙo na garin nan yana nan da dubbansa, da direbobinsa, da masu gyaransa a kowace unguwa. A sa kuɗin ya bi tafiyar tsohon. A yi wa dattijo rajista a gaban mai unguwarsa, wanda ya san shi ya san gidansu, ba sai an nemi takardar haihuwar da ba a taɓa yi masa ba. A ba shi takardun shata, ko biyu ko uku a wata. A kowace mazaɓa a ware 'yan adaidaita da suka yarda suka yi rajista, a koya musu yadda ake kama hannun mai rauni da yadda ake naɗe keken guragu, a ƙera musu ɗan mataki na ƙasa da maƙalar hannu, aikin da kowane mai walda zai yi a yini guda. Direba ya ɗauko, asibiti ta buga hatimi a takarda, ya kai a biya shi a ƙarshen mako. A ƙarshen mako na ce, ba ƙarshen zango ba, don ranar da aka fara bin direbobi bashi ranar shirin ya mutu.

In za a sayi mota, a sayi kaɗan masu saukin hawa da wurin keke, a ɗora su a kan hanyoyin manyan asibitoci irin su Murtala da Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala, a ranakun da aka san ana ganin masu hawan jini da suga. Kuma duk Nairar da aka sa a saye, a rubuta ta gyara a gefenta a kasafi guda. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jihar da ta taɓa kawo abin hawa domin mata kaɗai, ta kuma taɓa ware bas domin 'yan mata 'yan makaranta, ba za ta ce ba ta san yadda ake ware wa wani rukuni abin hawa ba.

Daga ina kuɗin zai fito? Daga kasafi, da sunansa a rubuce, da dokar majalisa a bayansa, a raba wa ƙananan hukumomi 44 gwargwadon yawan tsofaffinsu, kowace ta kawo ɗan nata kason. Masu hali da suke raba atamfa da azumi za su iya ɗaukar nauyin mazaɓa guda shekara guda, ko su yi waƙafin adaidaita biyu. Ƙungiyoyin ƙasashen waje in sun kawo a karɓa a gode, amma a sa nasu a abin da ake yi sau ɗaya, kamar benci da rumfa da gyaran bakin titi. Kuɗin da zai ƙare bayan shekara uku ba a ɗora masa tafiyar wata-wata, don tsohuwar da ta saba an zo ɗaukarta ba za ta gane maganar "shiri ya kammala" ba.

Saura babbar magana, wadda na san tana bakin kowa: ai cinyewa za a yi. Za a cusa sunayen matattu, kansila ya rubuta surukansa, direba da ma'aikacin asibiti su haɗa baki su buga hatimi ba a yi tafiya ba. Duk za a gwada, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu ya sha tsaguwa. Amma a kwatanta. Kwangilar mota ɗari, mutum uku ne a ofis suka san gaskiyar farashinta. Jerin sunayen tsofaffin unguwa kuwa, in aka liƙa shi a ƙofar gidan mai unguwa da jikin masallaci, yaro ma zai nuna maka wanda ya rasu bara. A sa dattawan da kansu cikin kwamitin, har da mata, don su ne suka fi yawan zaman ɗaka kuma su ne ba a jin muryarsu. Tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya shekara 35 yana riƙe rajistar aji, ba a yi masa wayon lissafi cikin sauƙi.

Mutanen karkara kuma kada a bar su a baya kamar kullum. Nasu ya fi namu tsanani, don a can babur ne ko akori-kura, ko a jira ranar kasuwa. Tsohon da ba ya iya zama a bayan babur daga ƙauyensu zuwa Rano ko Bichi, amalanke ake nema masa. A wurinsu mota guda da za ta riƙa zagaya ƙauyuka a rana sananniya kowane mako, ta kai babban asibiti ta jira ta dawo da su kafin magariba, ta fi musu takardar shata amfani. A sa ranar ta dace da ranar da likita yake zama, a kuma bar wa kowane tsoho kujera guda ta mai rakiya.

Zaɓen 2027 yana tafe, 'yan takara za su shigo har cikin lungunan da adaidaita ba ya shiga, kuma ranar zaɓe, ikon Allah, ba a rasa motar ɗaukar tsofaffi zuwa rumfa, har kama su ake yi a hankali a ɗora. In sun zo gaishe da Hajiya Kaka, a tambaye su nawa za su rubuta a kasafi, a wane layi, kuma wa zai biya direba ranar Juma'a.